Rahoton Kwamitin Bishara Kan Ginin Gidan Mai Bishara da Gyaran Ɗakin Sujada a Tasharmu ta Ƙauye

Zuwa ga Fasto, dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa da dukan 'yan'uwa. Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Aikin da kuka ɗora wa Kwamitin Bishara ya kammala. Gidan mai bisharar da muke tallafawa ya tsaya, an sake rufin ɗakin sujada, rijiya kuma tana ba da ruwa. Malam da iyalinsa sun tare kafin ruwan farko na daminar 2024. Ba mu sa sunan ƙauyen ko sunan Malam ba, domin wannan rahoto zai hau intanet, kuma kowa ya san halin da hanyoyin karkara suke ciki. Lissafin kuɗi dalla-dalla, tare da rasit na duk abin da aka saya, yana hannun ma'aji, an kuma manna kwafinsa a allon sanarwa na bakin ƙofa. Duk wanda ya ba da ko naira ɗaya yana da hakkin ya duba ya yi tambaya.

Abin da ya tashe mu

Mun daɗe muna ganin muna ƙoƙari. Tallafin wata-wata ba ya yankewa, lokacin Kirsimeti muna aika shinkafa da atamfa, kowace shekara kuma da rani mukan cika motoci mu je wa'azi da lasifika da magunguna. Amma da safe muke zuwa, kafin magariba mun juyo. Babu ɗayanmu da ya taɓa kwana a can.

A watan Agusta na 2022 mu uku muka kai ziyara, rafin da ke tsakanin ƙauyen da titi ya kawo, dole muka kwana. Wajen tsakar dare hadari ya taso. Ɗakin na jar ƙasa ne, rufin tsohon kwano da aka danne da duwatsu. Muna kwance muka ji Mama, uwargidan Malam, ta tashi cikin duhu ba ta ko kunna fitila ba. Ta ajiye roba a nan, kwarya a can, tukunya a bakin gado, ko'ina ta san inda zai ɗiga. Ta ɗauke yaran ɗaya bayan ɗaya ta mai da su kusurwar da ba ta jiƙewa, su kuwa ko motsi ba su yi ba, alamar sun saba. Littafi Mai Tsarki na Malam da rajistar masu baftisma suna cikin leda, ledar kuma cikin bokiti mai murfi. Da iska ta ƙara ƙarfi sai Malam ya miƙe ya kama katakon rufi da hannu biyu, ya rataya nauyinsa a kai har ta lafa.

Da gari ya waye muka tambaye shi me ya hana shi faɗa mana, alhali yana aiko da rahoto kowane wata uku. Ya ce cikin waɗanda yake kiwo akwai masu ɗakin da bai kai nasa ba, kuma ba ya so a ce ya zo neman jin daɗi. Mun yarda da zuciyarsa, amma wannan bai wanke mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, sai dai mu da muka ɗora masa hannu muka aike shi, mu ya kamata mu leƙa ɗakin.

Mu 'yan ECWA mun san tarihinmu. Cikin mutum uku na SIM, ƙungiyar mishan da ECWA ta samo asali daga gare ta, da suka sauka Legas a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya ɗauke su a shekara ta gaba, Rowland Bingham kaɗai ya koma. An kafa EMS, ƙungiyarmu ta aika masu bishara, a 1948, tun kafin ita kanta ECWA ta samu suna a 1954, domin 'yan ƙasa su aiki 'yan ƙasa, su kuma riƙe su da gumin kansu. Muna yawan ba da labarin wahalar na farko a kan bagadi. Abin da ya dame mu a wannan dare shi ne, wahalar Malam ba dole ba ce. Ikkilisiyar da ke yin sujada sau biyu ranar Lahadi saboda yawan jama'a ba ta rasa kuɗin kwano ba.

Gida ko majami'a?

A nan aka fi daɗewa ana muhawara. Tun kafin ziyarar akwai shiri a takarda na gina sabuwar majami'a a tashar, babba, mai allon suna a bakin hanya. Wasu dattawa suka ce gidan Allah shi ne gaba, kuma mutane sun fi sakin hannu in an ce majami'a za a gina. Ba maganar banza ba ce. Amma masu bi a can, har da yara, ɗakin sujadar da suke da shi yana ɗaukarsu, rufi ne kawai ya lalace. Shugabar Zumuntar Mata ce ta raba gardamar. Ta buɗe 2 Sarakuna sura 4, ta karanta labarin matar Shunem da ta sa aka yi wa Elisha ɗan ɗaki aka sa masa gado da tebur da kujera da fitila, sa'an nan ta tambayi majalisa ko a cikinsu akwai wanda zai yarda 'yarsa ta yi goyo a ɗakin da muka kwatanta. Aka amince: gida tukuna, sai rufin ɗakin sujada, sabuwar majami'a kuma ta jira ranar da jama'a suka yi wa tsohuwar yawa.

Kafin a haƙa ko taku ɗaya mun nemi takardar fili. Wani dattijo ne cikin masu bi na farko ya ba da wurin kyauta da baki, shekaru da dama da suka wuce. Muka zauna da shi da 'ya'yansa maza duka, da mai unguwa, da maƙwabtan gona na kowane gefe. Aka taka iyaka, aka kafa duwatsu, aka rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, dagaci ya buga hatimi. Wannan ya ci mana mako shida, wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Mun sha jin yadda magada ke tayar da maganar fili bayan mai kyauta ya kwanta dama, shi ya sa muka ƙi gaggawa.

Yadda ginin ya tafi

Kuskurenmu na farko bulo ne. Don mu yi sauri muka saya daga wani mai buga bulo a garin da ke bakin titi, farashinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Da tifa ta sauke, magininmu ya ɗauki ɗaya ya sake shi daga daidai ƙugunsa, ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Yashi ne zalla aka nuna wa siminti. Araha ba ta ado. Kashi mai yawa na wannan lodi a ciko ya ƙare, asarar kuma tana nan a lissafi da sunanta, ba mu ɓoye ta ƙarƙashin wani abu ba. Daga nan muka yi hayar abin bugu muka buga namu a wurin. Magini ya tsaya kai da fata kada buhun siminti ɗaya, mai kilo 50, ya wuce bulo 35 mai inci tara, a kuma yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda kafin a taɓa shi. Matan ƙauyen ne suka ɗauki wannan nauyi, da tulu da jarka daga rafi, ba wanda ya biya su.

Kuskure na biyu Allah ya tsare mu daga shi ta bakin mutanen gari. Zanen da muka zo da shi daga birni ya sa ƙofa da manyan tagogi suna kallon gabas, wajen hanya, don gidan ya yi kyan gani. Ranar da aka zo ja igiya, wani tsoho, wanda ba ma mai bi ba ne, ya tsaya yana kallonmu, can ya ce mu duba gidajen garin mu ga ko akwai mai ƙofa a gabas. Babu ko ɗaya. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, da iska a gabansa, ita ce ke yaye rufi tana kora ruwa cikin ɗaki. Muka tuge turaku muka juya gidan, ƙofa ta koma yamma, bangon gabas aka bar masa ƙananan tagogi a sama. Ɗaya daga cikinmu injiniya ne, shi ya fara cire hula ya gode wa tsohon.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, da ɗan ɗakin ajiya, madafi a waje inda hayaƙi ba zai dame su ba, da bayan gida mai rami nesa da inda aka shirya rijiya. An ɗaga daɓen sama da ƙasa sosai saboda ruwa mai gudu. An zagaye ginin da linta, aka bar rodi a tsaye a cikinta, da shi aka naɗe katakon rufi aka lanƙwashe, ba ƙusa kaɗai aka dogara da ita ba. Kowane katako sai da aka shafe shi da maganin gara da baƙin mai kafin ya hau, don garar wurin ba ta da wasa, ita ta cinye rufin ɗakin sujada. Ranar ɗora katakon aikin gayya aka yi, matasanmu da suka zo daga birni da samarin gari, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, mata suna ta tuƙa tuwo a gindin kuka.

Kuɗi ya ba mu wuya fiye da yadda muka zata. Mun fara tattara alkawura a ƙarshen 2022. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, lebura a ƙauye kuwa bai san taransifa ba, kuɗi a hannu yake so, har sai da ma'aji ya riƙa bin 'yan kasuwar cikinmu yana karɓar ɗan abin da suka samu na ciniki. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya kusa ninka uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin tifa da na kowane kaya ya bi shi. Damina ta tsayar da mu a linta. Da muka dawo don filasta da daɓe a farkon 2024, siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Sau biyu muka koma gaban ikkilisiya da ƙoƙon bara, sau biyu kuka amsa. Darasin da kwamiti ya rubuta wa na bayansa shi ne, kayan da ba sa lalacewa, irin su kwano da rodi da ƙusa, a saye su ranar da kuɗi ya shigo. Da ba mu sayi kwanon tun farko mun ajiye ba, da har yau gidan yana buɗe.

Akwai bayarwar da lissafi ba zai nuna nauyinta ba. Wata gwauruwa mai tuyar ƙosai ta kawo kuɗin adashinta ɗungurungum. 'Yan makarantar Lahadi sun tara abin da ya sayi kwaɗo da makullai. Wani kafinta cikinmu ya rufe shagonsa mako biyu ya je ya yi rufin gidan da na ɗakin sujada, abinci kawai ya ci. Zumuntar Mata ta cika maganarta, ta kai gado da tebur da kujeru, da ƙaramar sola mai kunna fitilu da cajin waya.

Rijiya ba ta cikin shirin farko. Ganin yadda mata suka sha wahalar ɗebo ruwan bulo ne ya sa muka ƙara ta. Masu haƙa suka ba da shawara a jira watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa, don rijiyar da aka haƙa da kaka takan ruɗi mutum ta ƙafe da bazara. Haka aka yi, aka sa mata kwalbati da murfi. Malam ya roƙa a haƙa ta a wajen danga, ba cikin gida ba, domin kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Da farko wasunmu sun yi jinkiri saboda tsaro da tsabta, daga baya muka bi ra'ayinsa. Yanzu da asuba bakin rijiyar cike yake, Mama ta ce matan da a da gaisuwa kawai ke haɗa su, yau suna shigowa su zauna.

Abin da ya rage

Ba a sa silin ba, kuma da bazara zafin kwano yana da tsanani, musamman ga jariri. Ba a yi fentin waje ba. Danga ta kara ce, za ta buƙaci sabuntawa kowace shekara har a samu halin katanga. Benci a ɗakin sujada bai isa ba, yara a tabarma suke zama. Kwamiti yana ganin silin ne ya fi gaggawa, kuma ragowar kuɗin da ke asusun aikin zai kai kusan rabinsa.

Muna kawo wa majalisar dattawa roƙo guda biyu. Na farko, a ware wani abu cikin kasafin bishara na kowace shekara don gyara, kada a jira sai bango ya tsage. Na biyu, kuma shi ya fi mana nauyi a zuciya: wannan ba ita kaɗai ce tashar da muke tallafawa ba, sauran kuma ba mu taɓa kwana a ko ɗaya ba. Muna neman izini 'yan kwamiti su rabu biyu-biyu su ziyarce su a cikin damina, su kwana a ɗakin da mai bishara yake kwana, su kawo rahoto a rubuce kafin makon bishara mai zuwa.

An miƙa wa Malam makullai a gaban mai unguwa da masu bi bayan addu'ar keɓewa. Kwafi ɗaya na takardar fili yana wurinsa, ɗaya a ofishin ikkilisiya, ɗaya kuma an aika ofishin gunduma.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamitin Bishara