Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu haɗa tawadar firintar 3D daga tsirrai

Salamu alaikum 'yan uwa. Mitin na wata-wata duk an yi su, wanda ya zo ya sani.

Maganar tawadar rogo da ake ta tambaya a guruf, ba a gama ba, kuma ba sakaci ba ne. Sitacin rogo da ya ji zafi sai ya yi kauri kamar kokon da ya huce, ita kuwa firintar DLP, wadda ke ƙera abu layi-layi ta hanyar daskarar da tawada da haske, ruwa-ruwa take so don tawada ta malalo ta cike gurbi kafin haske ya daskarar da layi na gaba. Sai an tsinka sitacin tukuna sannan a haɗa shi da methacrylic anhydride, sinadarin da ke sa sitacin ya iya daskarewa da haske, shi kuma sinadarin daga waje ake odarsa da dala, to da wane kuɗin? Fiye da rabinku ba ku biya kuɗin wata ba, in na kira a ce min ana aji. Gwajin riboflavin ma, wato bitamin B2 da ke tada daskarewa in haske ya taɓa shi, nan ya tsaya, shi dama yana jinkirin daskarar da tawada, yana son maimaici kuma kayan sun ƙare.

Amma ƙaro ya fidda mu kunya wallahi. Ƙaron dakwara da wani ɗan uwa ya taho mana da shi daga Yobe yana narkewa da yawa a ruwa ba tare da ya yi kauri ba, muka haɗa shi da glycidyl methacrylate, sinadarin da ke sa ƙaron ya iya daskarewa da haske, aka wanke aka busar, aka zuba LAP, sinadarin da ke tada daskarewa in haske ya taɓa shi, da ɗigon tartrazine, kalar abincin nan ruwan ɗorawa, don kar hasken firintar mai nanomita 405 ya zarce ya toshe ramukan abin da ake bugawa. Ranar baje koli an ɗauke wuta aka tada janareto, farantin firintar ya ɗago da 'yar raga mai kusurwa huɗu tana rawa, ko wane rami a buɗe. Wani malaminmu ya danna ta da yatsa ta lotsa ta dawo, ya sake dannawa ya ce kai masha Allah. 'Yan sakandare suka yi layi kowa sai ya taɓa, har aka rufe zaure ba su watse ba.

Masu turo hoton ranar a sitatus alhali ko kwalba ba ku wanke ba, mun gan ku. Wanda bai biya bashinsa ba kafin zaɓen sabbin shugabanni ba zai yi ƙuri'a ba, haka kwamiti ya yanke.