Sanarwa kan batun kamun kai da guje wa hanyar zunubi

Salama gare ku, ƴan'uwa cikin Almasihu.

Tun shekaranjiya ake ta muhawara a wannan rukuni namu kan sutura, har wasu suka fara turo hotunan mutane. Don Allah a daina, wannan ma tonon asiri ne.

Katekism, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi maganar kunya da kamun kai daga sakin layi na 2521 zuwa 2524. Bai auna wa kowa tsawon riga ba, ya ma ce salon kunya ya bambanta daga al'ada zuwa al'ada. Kuma ya shafi maza kamar yadda ya shafi mata, ya haɗa har da kallo da magana. A Matiyu 5:28 ai mai kallon Yesu ya ja wa kunne.

Inda na ga an fi ruɗewa shi ne hanyar zunubi, wato duk abin da zai iya jan mutum ga zunubi. Akwai ta nesa, wadda ba mai iya kauce mata muddin yana cikin jama'a. Ta kusa kuwa ita ce mutum, wuri ko abin da ka riga ka san kusan kullum yana kayar da kai, ko da wayar hannu ce da tsakar dare. In da halin bari, wajibi ne a bari. In ta dole ce, kamar wurin aiki, sai a rage keɓewa, a ƙara addu'a da yawan ikirari, wato furta zunubi a gaban Fada.

Mai tambaya ta sirri ya samu Fada kai tsaye, kada ya rubuta ta a rukuni.