Gorin Ƙiba da Abin da Ƙwaƙwalwa Ke Yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka saboda abin da na gani makon jiya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, inda mai koko da ƙosai ta yi wa 'yar yayata gorin ƙiba, ta ce mata, "Ke dai ba kya ƙoshi." Yarinyar ta ajiye kofin, ta tafi makaranta ba ta karya ba.

A shekarar 1994, Farfesa Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke saki cikin jini domin ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da jiki ya tara, ita kuma ta rage yunwa. A 1997 likitoci a Ingila suka gano yara biyu da aka haifa da ƙarancinsa, masu tsananin yunwa dare da rana. Irin wannan ba shi da yawa. Galibin masu ƙiba suna da leptin sosai, sai dai ƙwaƙwalwarsu ba ta jin saƙon yadda ya kamata.

A ganina, kiran wannan haɗama rashin adalci ne. Ina fatan gidajen rediyon Kumasi za su gayyato likitoci su bayyana wa iyayen zango haka da Hausa.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi