Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi

'Yan'uwa masu kiwo, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da waɗanda aka ɗage saboda rashin halarta.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne taron ƙara wa juna sani kan aikin sinadaran homon, wato masu kai saƙo ga gaɓoɓi ta cikin jini, a jikin dabbobi masu tuƙa. Zaure ya cika har wasu na tsaye. Likitar dabbobin da muka gayyato ta faro daga tumbi: ƙananan halittun cikinsa ne ke sarrafa ciyawa ta koma asid iri 3, hanta ta ɗauki ɗaya, wato furofiyonet, ta haɗa sukarin jini da shi. Ashe kaɗan ne sukarin da saniya ke samu kai tsaye daga abinci.

Daga nan ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi: me ke ramar da saniya mai yawan nono bayan haihuwa, alhali ana ba ta abinci? Insulin, homon ɗin da ke daidaita sukarin jini, shi ne ke sauka, homon ɗin girma ya hau, jiki ya shiga narkar da kitse har da tsoka, ita kuwa hantsa jan sukari take yi ba ta jiran insulin. In kitsen ya fi ƙarfin hanta, sai kiton, sinadarin da hanta ke fitarwa daga kitsen, ya taru a jini. Nan wani dattijonmu ya miƙe ya ba da labarin tunkiyarsa mai cikin tagwaye da ta ware gefe, ta ƙi ci, tana cizon haƙora. Likita ta ce ciwon taruwar kiton ke nan, kuma a makonni 6 na ƙarshen ciki ya fi kama tumaki. Ta kuma nuna yadda wani kaso na yuriyar da hanta ke yi, wato sinadarin da ke fita a fitsari, ke komawa tumbi ta miyau, a sake gina furotin da ita.

A wurin muka yi alkawarin sayen na'urar gwajin kiton da buga bayanan a ɗan littafi. Ba a yi ko ɗaya ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Rubutun na nan a kammale, kuɗin bugawa ne babu. Da yawanku ba ku biya kuɗin wata ba tun farkon shekara. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo, mun bi wasu har gida, wallahi mun gaji. Abin da ya fi ciwo, waɗanda ba sa zuwa taro su ne kan gaba wajen tambayar ina na'ura.

A taro mai zuwa ma'aji zai karanta sunayen masu bashi, kowa ya zo da nasa.

Sakatare