A tuna da boren Yahudawan Warso

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon jaridarku ta ware fili ranar 19 ga Afrilu domin boren unguwar Yahudawa ta Warso, babban birnin Poland, wanda a ganina ba a cika ba shi muhimmanci ba idan ana maganar Yaƙin Duniya na Biyu.

A watan Nuwamban 1940 ne 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a lokacin, suka killace Yahudawa sama da 400,000 a bayan katanga, inda yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa suka kashe dubbai, har ya zama ƙananan yara ne ke kutsawa ta ramukan katangar suna shigo da burodi da dankali a cikin rigunansu. A 1942 aka kwashe fiye da 250,000 zuwa sansanin kisa na Treblinka.

Da sojojin Jamus suka dawo ranar 19 ga Afrilun 1943 domin kwashe ragowar, matasa 'yan ɗaruruwa, ciki har da ƙungiyar da Mordechai Anielewicz ke jagoranta, suka tare su da ƙananan bindigogi da bama-baman kwalba. Sai da Jamusawa suka bi gida-gida suna cinna wuta kafin su murƙushe su ranar 16 ga Mayu.

Na gode,
Wani mai karatu