Garin gina jiki ya iso ƙauyenmu, a taimaka a faɗa wa yaranmu gaskiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan girbin bana.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, kuma shekara 11 ke nan ina horar da samarin garinmu ƙwallo a filin makaranta. Wata Asabar da safe wani yarona ɗan shekara 17, mai buga mana lamba bakwai, ya zo da gora cike da wani jan ruwa. Ko zagaye huɗu ba mu yi ba ya durƙusa, jiri na ɗibarsa. Na ja shi gindin darbejiya na ce, "Kai, da me ka karya?" Ya ce, "Malam, ban ci komai ba, ai wannan ya wadatar." Ashe ɗan akuyan da mahaifiyarsa ta ba shi kiwo ya kai kasuwa, ya tura wa wani mutum da ya gani a TikTok kuɗin, aka ba direba saƙo daga Kano: roba ɗaya ta wani gari mai suna BCAA, da wasu 'yan curi shida a takarda mai ƙyalli, wai na ƙarin kuzari kafin atisaye.

Na karɓi robar na kwana ina bin rubutun jikinta. Abin da ke ciki ba sihiri ba ne. Furotin da muke ci, jiki yakan narkar da shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. Daga cikinsu 9 jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai ta abinci. To, robar nan guda 3 kacal ta ƙunsa daga cikin taran nan: lusin, aisolusin da balin. Gaskiya ne lusin shi ke tada jiki ya fara gina tsoka, a kan haka ake tallar. Amma ku ɗauka sarkin magina ne ya iso da sassafe ya ce a fara aiki, alhali ba a kawo tubali ba. Sauran shidan nan su ne tubalin. In babu su a ciki, sai dai jiki ya rushe katanga ya gina ɗaki, wato ya ɗebo daga tsokar da yake da ita.

Duka taran kuwa suna cikin ƙwai, da nono, da kifi, da nama, da awara. Wake in ya haɗu da shinkafa ko gero, su ma suna cike giɓin juna. Masana abincin 'yan wasa suna cewa ɗan wasa na buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaron nan kilo 60 ne, ke nan giram 72 zuwa 120. Cokalin robarsa giram 5 yake ɗauka. Ƙwai ɗaya ya kai giram 6. Giram 100 na gyaɗa na da wajen 25, na waken suya ya haura 35, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi gyaɗar ma tunda an matse mai. Duk muna noma su, wasu ma suna cikin rumbun gidansu a ranar da ya sayar da ɗan akuyan.

Su curin kuzarin ba na kushe su. Na ɓare ɗaya na ɗanɗana, na duba abin da aka haɗa: wani hatsin Turawa, dabino, gyaɗa, zuma da sukari. Mai tseren keke ko gudun dogon zango da ba shi da damar tsayawa cin abinci, suna yi masa amfani. Amma wallahi da na tauna, dakuwa na tuna, da kantun riɗi, da nakiyar da iyayenmu ke yi wa matafiyi guzuri. Abin da yaro ke buƙata kafin gudu shi ne abin da zai narke da wuri. In wasan la'asar ne, ya ci abincinsa sosai awa uku kafin lokaci. In na safe ne, kofin koko da dabino uku ko ayaba ɗaya, kamar minti 45 kafin a fara, ya sha ruwa. Gyaɗa da ƙuli a bar su sai an tashi, maiƙo yana daɗewa a ciki. Bayan wasa kuwa ban ga abin da ya kai fura da nono ba.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, robar ba ta da lambar NAFDAC. Wani bincike da aka yi a birnin Kolon na Jamus da tallafin kwamitin Olamfik na duniya, wanda aka buga a 2004, ya gwada irin waɗannan kayan guda 634 daga ƙasashe 13, aka samu kusan kashi 15 cikin ɗari da sinadaran ƙara tsoka da aka haramta, ba a kuma rubuta su a jiki ba. Dokar hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ita ce, duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Yaran nan burinsu su sa rigar Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars. Wasu garin na kafin atisaye kuma cike suke da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Babban mutum mai lafiya ma an ce kada ya wuce miligiram 400 a rana, balle yaro da cikinsa ba komai, ya ɗora shayi a kai, ga ranar bazara. Mu da muke jin labarin yadda ciwon ƙoda ya addabi 'yan'uwanmu na yankin Haɗeja, bai kamata mu bar yara suna zuba wa cikinsu abin da ba wanda ya tantance ba.

Na je har gida na gaida mahaifiyarsa. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Malam, da ma ni nono da ƙwai ya tambaya, ai da na ba shi." Yanzu kowa a ƙungiyarmu sai ya faɗa mini abin da ya karya da shi kafin ya ɗaura takalmi. Amma ni koci ɗaya ne a ƙauye ɗaya, wayar kuwa tana aljihun kowane yaro.

Don haka nake roƙon NAFDAC ta leƙa masu tallar nan ta intanet, ma'aikatar wasanni ta jiha kuma ta tara mu kocin karkara ko yini ɗaya ne a koya mana. Ku kuma, don Allah ku tura wakilinku ya zanta da masanin abinci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a buga da Hausa. Zan yanke shafin in karanta wa yaran a gindin darbejiyar nan.

Naku,
Malamin firamare kuma kocin matasa,
Ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.