Game da tambayar jiya kan ƙarfin jan ƙasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga amsar tambayar da aka yi jiya kan yadda ƙarfin jan ƙasa yake aiki, a taƙaice.

Kowane abu yana jan ɗan uwansa, har kai da wayar da ke hannunka, sai dai jan ya yi ƙanƙanta a ji shi. Ƙarfinsa ya dogara da yawan jikin abubuwan biyu da nisan da ke tsakaninsu. Nisan ne ya fi ba ni mamaki: idan ya ninku biyu, jan sai ya koma kashi 1 cikin 4, ba rabi ba. Masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana wannan a 1687.

A duniyar wata, nauyinka zai koma kusan kashi 1 cikin 6.

Don Allah mu daina kiran ƙarfin jan ƙasa maganaɗisu, domin yana janyo har busasshen ganye ƙasa, wanda maganaɗisu ba ya ja.